Koren Mayafin Safiyatu

Asabar, 5 ga Nuwamba 2022, da hantsi

Yau shekara ɗari da hamsin da zaɓen da Hajiyata ta tsaya, kuma duk faɗin Doha ni kaɗai na san da zancen. Don tsokana nake ce mata Hajiyata, ko hanyar Makka ba ta sani ba. Ba'amurkiya ce da ta fito neman kujerar shugaban ƙasa a 1872, lokacin da mace ko ƙuri'a ba ta da ikon jefawa, ranar zaɓen ma tana gidan yari. A kanta nake rubuta kundin digirina, shekara ta huɗu ke nan. Wallahi na san ta fiye da yadda na san kakata.

Na ɗora taliya da niyyar in ƙawata Safiyatu, nas ɗin da muke zaune gida ɗaya, ta dawo daga asibiti mu ci in ba ta labarin ranar. Sai ga ta, ko takunkumi ba ta cire ba, ta yar da jaka ta ce ta yanke shawara, za ta tsaya takarar shugabancin Zumunta. Zumunta fa, ƙungiyar Hausawan garin nan, direbobi da masu gadi da mu 'yan makaranta, wadda tun da aka kafa ta Alhaji Ɗalhatu ke zaune a kai kamar gadon gidansu.

Na ce masha Allah. Na ce ina taya ta murna. Taliyar ta dahu ta wuce, da cokali muka ci ta kamar fate.

Lahadi, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Ni na ba Safiyatu labarin Hajiyata. A falon nan namu na unguwar Al Sadd, lokacin kullen korona, tana kwance a ƙasa ƙafafunta sun kumbura don tsayuwa, ni ina karanta mata abin da na rubuta don ta samu barci. Har minshari take yi. Ashe tana ji.

Ita ta ji labari sau ɗaya ta tashi za ta aikata, ni shekara huɗu ina gyaran waƙafi. Ba hassada nake ba, ina dai faɗin yadda abin yake ne.

Juma'a, 11 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mun je taro a gidan direbobi na Al Rayyan, inda Zumunta ke haɗuwa a tsakar gida. Kamar kullum maza na kan tabarmi, mu muna kicin muna fama da tukwanen shinkafa. Ana cikin maganar zaɓe Safiyatu ta goge hannu ta yafa koren mayafin nan nata da kowa ya san ta da shi, ta fita ta yi sallama a tsakiyarsu. Ni na tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Zaɓenmu ba akwati ba takarda. Ɗan takara ya tsaya ya fuskanci bango, masu son sa su yi layi a bayansa, Malam Dikko mai ƙidaya ya bi su da carbi yana ja. Ba a waiwaye sai an gama, don kada kunyar ido ta sa wani ya sauya layi. In ranar ta faɗo ɗan takara yana bakin aiki, sai ya aiko hularsa, wani ya tsaya a madadinsa ya ɗaga ta. Mace dai ba ta taɓa shiga layin ba, balle ta tsaya a gaba.

Ta faɗi abin da ya kawo ta. Sai Alhaji Ɗalhatu ya yi dariya ya ce ai shi ba ya hana kowa, mata su shiga layi mana, in sun gama raba shinkafa. Aka bushe da dariya. Malam Dikko bai yi ba, ya ce to shugaba ya faɗa a gaban shaidu, magana ta zauna. An sa ranar Juma'a 16 ga Disamba, don ranar ba wasan ƙwallo, masu aikin filaye za su samu zuwa.

A tasi ta riƙe hannuna ta ce, "Haulatu, kin ga abin da kika jawo mini?" Na ce na gani.

Talata, 15 ga Nuwamba, da safe

Ta roƙe ni in rubuta mata jawabi. Shafi uku na yi, har da tarihin yadda matan Arewa suka daɗe ba su da ƙuri'a bayan na Kudu sun samu. Ta karanta tana shan shayi ta ce ya yi kyau sosai, amma direbobi za su yi barci. Layi ɗaya tak ta ɗauka, wanda na rubuta da wasa a gefe: in mun iya tsayuwar yini a kan tukunya, ba za mu kasa tsayuwar layi ba.

Alhamis, 17 ga Nuwamba, da yamma

Layin nan ya zaga wayoyi. Har an ɗora shi a kan hotonta, an rubuta "in ji Sista Safiyatu" a ƙasa.

Lahadi, 20 ga Nuwamba, kafin magariba

An buɗe gasar cin kofin duniya. Gari ya cika da baƙi da tutoci, jami'a ta rufe, ba inda zan je in ɓuya. Mu da ƙasarmu ba ta samu shiga gasar ba sai kallo, 'yan Zangon Ghana kuwa sai tsiya suke mana, wai mu zo su ara mana tuta.

Shamsu ya zo, wani ɗan Zumunta mai gadi a unguwar Lusail. Da can in ya gan ni har ƙasa yake gaishe ni, Malama Dakta kaza, Malama Dakta kaza, ko da yake ban zama ba tukuna. Yau daga bakin ƙofa tambayarsa ina Shugaba. Ya zauna yana ba ni labarin da na riga na sani, yadda lokacin kulle aka rufe su a masaukin ma'aikata, Safiyatu ta riƙa aika musu magani da abinci, ta riƙa kiran masu zazzaɓi ɗaya bayan ɗaya tana gaya musu abin da za su yi. Ya ce duk masu gadi bayanta za su tsaya.

Abincin nan wa ya dafa shi? Wa ya ƙulla shi a leda har yatsunta suka yi kanta? Na ƙara masa shayi.

Laraba, 23 ga Nuwamba, da hantsi

Malamata ta dawo mini da babi na huɗu, duk ya sha jan biro. Babin a kan yadda matan da suke neman ƙuri'a tare da Hajiyata suka janye jiki daga gare ta ne. Jaridu sun tono zancen mutuwar aurenta, sun yi mata zanen batanci, 'yan'uwanta mata kuma suka yi gum, daga baya da suka zo rubuta tarihin gwagwarmayar da ƙyar sunanta ya leƙo. Na rubuta cewa saɓanin siyasa ne da bambancin matsayi. Malamata ta rubuta a gefe wai wannan amsar littafi ce, ban gaya mata abin da ya sa mace ke yi wa mace haka ba.

Ita ta sani, ta rubuta mana.

Asabar, 26 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je Al Rayyan sayen yaji da daddawa wurin Hajiya Atine, matar Alhaji Ɗalhatu. Kowa wurinta yake saye, ba wani abu ba ne don na je. Ta riƙe ni da hira, ta dama mini fura, ta ce ita fa mamaki take, ga mai ilimi a gida amma wata ce ke gaba. Ta ce da ni ce na fito da ko Alhaji sai ya yi tunani. Rabon da wani ya gaya mini magana mai daɗi irin wannan har na manta.

Daga nan ta tambayi lafiyar maigidan Safiyatu da ke Zariya, da 'yarsu Rahmat, ta ce ikon Allah, miji mai haƙuri, shekara da shekaru bai ce ta dawo ba.

Mun yi hira. Hira ce kawai. Yajin ma ta ƙi karɓar komai a kai.

Lahadi, 27 ga Nuwamba, da safe

Yajin ya cika gishiri.

Litinin, 28 ga Nuwamba, da yamma

Ghana ta ci wasanta, ana ta hon a titi. Kaina ke ciwo.

Laraba, 30 ga Nuwamba, bayan azahar

An saki saƙon murya a zauren Zumunta na waya. Muryar wata mata ce da ban sani ba, daga wata lamba ta gida. Wai jama'a su bincika kafin su bi mace a baya. Wai wadda ake kira matar aure ba ta da aure tun shekarar korona, mijin ya ce ta hau jirgin da aka kwashe mutane ta dawo, ta zaɓi albashi, ya sake ta ya karɓe 'yarsa. Wai wadda ta kasa riƙe 'yar cikinta ita za ta riƙe ƙungiya.

Ba haka aka yi ba. Wato haka aka yi, amma ba haka ba ne. An bar cewa da ta tafi a lokacin ba ta da hanyar dawowa, kuma da aikin nan take riƙe da mahaifiyarta da ƙannenta. An bar ɗakin marasa lafiyar da ke cike, ana neman hannu ko na waye. An bar yadda ta kwana uku ba ta ci ba bayan takardar ta iso ta waya, ni na riƙa ba ta kunu da cokali. Ni ban ce ta zaɓi albashi ba, wannan kalmar ba tawa ba ce.

Ta saurara sau ɗaya a kicin, ta kife wayar, ta ci gaba da yanka albasa. Na jira ta tambaye ni. Ba ta tambaya ba.

Juma'a, 2 ga Disamba, da hantsi

Mutum nawa ne a Doha suka san zancen? Ai ana iya ji daga gida. Zariya ba ƙaramin gari ba ne, mutane na zuwa suna komawa, dangin mijin ma suna da baki. Ana iya ji daga ko'ina.

Lahadi, 4 ga Disamba, bayan la'asar

Har yanzu ba ta tambaya ba. Ta wanke mini kayan da na jiƙa na manta, ta shanya, ta ninke. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shamsu ya kira ya ce wasu sun fara ja da baya, musamman masu iyali, wai ba za su bar matansu su tsaya bayan bazawara ba. Ya ce in ya gano wanda ya kai zancen sai ya tona masa asiri a gaban jama'a. Na ce Allah ya tona. Da bakina na faɗa.

Laraba, 7 ga Disamba, da yamma

Na ce yanzu kam za ta janye. Har na shirya kalaman da zan rarrashe ta da su, kalamai masu kyau, na ma ji tausayinta ya dawo mini kamar da. Sai ta yi nata saƙon. Ta ce gaskiya ne aurenta ya mutu, gaskiya ne 'yarta na hannun ubanta, ba ranar da ba ta kuka a kai, kuma ranar Juma'ar zaɓe tana nan a gaban bango in Allah ya kai mu. Ko minti ɗaya saƙon bai kai ba.

Yanzu sun fi son ta. Mata na kira suna kuka, har da wata Hajiya Adijatu 'yar Kumasi da ke aiki a gidan Larabawa, wai ita ma ta bar 'ya'ya a gida. Ko jifan ta aka yi sai ya zame mata ado. Ni me zan yi a duniyar nan a gan ni?

Astagfirullah. Ina taya ta murna.

Asabar, 10 ga Disamba, da safe

Na buɗe babi na huɗu na rufe.

Talata, 13 ga Disamba, bayan azahar

An gwada su a wurin aiki, nata ya nuna tana da shi. Korona, yanzu da kowa ya yar da takunkumi yana rungumar baƙi a filin wasa. Jikin da sauƙi, mura ce da ciwon gaɓoɓi, amma dole ta killace kanta, kuma Juma'a na ciki. Nawa gwajin lafiya lau. Ta shige ɗakinta ta rufe, ina ajiye mata abinci a bakin ƙofa.

Hajiyata a gidan yari ranar zaɓe, Safiyatu a ɗaki. Har wannan ma sai da ta samu.

Alhamis, 15 ga Disamba, bayan la'asar

Na zo ɗaukar kwano na tarar da leda a bakin ƙofarta. Koren mayafin ne, ta wanke ta goge. Ta yi magana ta bayan ƙofa, muryarta a dishe, ta ce ita ba ta da hula, wannan za ta aika, kuma ni take so in tsaya mata. Na ce ga Shamsu, ga Hajiya Adijatu, ga mutane da yawa da suka fi ni son abin.

"Ke nake so," in ji ta.

Na tsaya da ledar a hannu kamar wadda aka ba ajiyar wuta. Na ce to.

Juma'a, 16 ga Disamba, kafin magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Tsakar gidan ya cika har waje. Alhaji Ɗalhatu ya tsaya a gaban bango cikin babbar riga, na tsaya nesa kaɗan da shi da takunkumina. Malam Dikko ya ce in ɗaga mayafin sama yadda ake ɗaga hula. Har na fara, sai Hajiya Adijatu ta taso daga kicin da faɗa, ta ce ba a ɗaga mayafin mace a gaban maza kamar tutar ƙwallo, mayafi yafa shi ake yi. Ta karɓa ta yafa mini a kan nawa, ta juya ni na fuskanci bango.

Ban taɓa sanin haka abin yake ba. Ba ka ganin komai sai siminti da wata tsaga da tururuwa ke bi. Kunne kaɗai ke aiki. Na ji takun manyan takalman masu gadi, na ji silifas, na ji ƙarar awarwaro da warin albasa, na san mata sun fito. Na kuma ji raɗa. Wani ya ce bazawara, wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa, wata ta ce a bar ta da Allah, ban san ko da alheri take nufi ba. Bayana ya riƙa yi mini zafi kamar an kunna murhu. Wuyana har ciwo yake don son waiwaye.

Amma zan faɗi gaskiya ko sau ɗaya. Da layin ya yi tsawo, numfashin mutane ya taru a bayana, daɗi na ji. Na ce a raina nawa ne. Na bar kaina na yarda nawa ne har carbin Malam Dikko ya zo ya wuce.

Alhaji Ɗalhatu ya ci da ratar mutum uku. Da aka ce a waiwaya na ga layinmu ya kai bakin get, maza da mata a cakuɗe, abin da ba a taɓa gani ba. Na kuma ga wasu mata biyar a ƙofar kicin da ludaya a hannu, ba su shiga ko'ina ba, mazansu na layin Alhaji. A watan jiya su suka fi kowa zaƙewa a kan Safiyatu. Ban yi lissafi ba, ni ba 'yar lissafi ba ce.

Hajiya Atine ta zo ta rungume ni ta ce in gaida mai jiki. Na ji ƙamshin turarenta har cikin maƙogwaro.

Asabar, 17 ga Disamba, da hantsi

Wani ya ɗauki hoto daga baya, koren mayafi a gaban bango da dogon layi. Ya bar Doha tun jiya, yana yawo a wayoyin gida, an rubuta wai ga mace ta farko da ta tsaya neman shugabancin Hausawa a ƙasar Larabawa. Ba wanda ya damu da cewa ta faɗi. Ba wanda ya tambayi bayan waye.

Inna ta turo mini shi daga Katsina da saƙo: "Ga ƙawarki ta yi abin kirki. Ke yaushe za a gan ki haka?"

Na rubuta mata, "Inna, ni ce a hoton." Ban tura ba tukuna, ina so in ƙara bayani yadda za ta fahimta. Wannan kam haƙƙina ne, ƙafafuna ne suka yi tsayuwar.

Lahadi, 18 ga Disamba, bayan la'asar

Kowa ya tafi kallon wasan ƙarshe, benen namu shiru. Na kai mata farfesu, na zauna a ƙasa na jingina da ƙofarta, na ji ita ma ta zauna ta ciki. Na ba ta labarin jiya da shekaranjiya, na ce saura ƙiris. Ta ce ta ga hoton, kuma ko cikin mutum dubu za ta gane ni, don kafaɗata ta hagu ta fi sauka saboda jakar littattafai. Duk duniya ita kaɗai ta lura.

Ta tambaye ni yaya na ji da na ba mutane baya suna magana. Na ce ba daɗi. Ta ce haka ne, shi ya sa ta so in tsaya, ita tun ƙarshen watan jiya a haka take, har a cikin gidan nan. Ba ta ɗaga murya ba. Na buɗe baki, ta ce kada in ce komai, ba ta da ƙarfin ji yau, kuma in ta warke za ta koma gidajen ma'aikatan asibiti, an ba ta ɗaki.

 Can ta ce hoton ya kai Zariya. Ƙanwar tsohon mijin ta nuna wa Rahmat, yarinyar ta gane mayafin, tun jiya take bin mutanen gida da waya tana cewa ga Mamanta, duk mutanen nan bayan Mamanta suke. Har an bar ta ta kira, karo na farko tun sallar bara.

"'Yan nan sun san ke ce, ba komai," in ji ta. "Amma kada ya kai gida. Abu ɗaya na taɓa ba ki ajiya, Haulatu. Ga na biyu."

Na ji ta ja kwanon ciki bayan na tashi.

Litinin, 19 ga Disamba, da safe

Ana kwance tutoci a titi. Mayafin na rataye a bayan kujerata, ba ta ce in mayar ba, ban kuma san ko in tambaya ba.

Inna ta sake turowa, wai ban amsa mata ba, ko ba ƙawar tawa ba ce a hoton. Na goge abin da na rubuta shekaranjiya. Na daɗe ina kallon kafaɗar nan ta hagu.

Na rubuta, "Ita ce, Inna. Safiyatu ce." Na tura.